Kara Ɗaya da Ɗan Aike

Duk lokacin da iyaye suka zo da kukan cewa sun kama ɗansu yana shan taba, labarin kusan iri ɗaya ne. Yaro ya kai shekara goma sha biyar ko sha shida, uwa ta ji warin hayaƙi a rigarsa lokacin wanki, ko uba ya tsinci ashana a aljihun wandon makaranta. Daga nan sai a tattara laifin a ɗora wa abokai. Ba mu musa cewa abokai suna da nasu kason ba, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma mu malaman firamare, da yaran nan ke bi ta hannunmu tun suna shekara shida har su kai sha biyu, muna da wata magana da muke roƙon iyaye da 'yan'uwanmu malamai su saurara, ko da ba za ta yi daɗin ji ba. Yaron da aka kama da taba yana sha shida ya daɗe da saninta. Tun yana aji uku ya san sunayenta, ya san farashinta, ya san mai tiredar da ke sayar da ita da wanda ke ba da ita bashi. Wanda ya sanar da shi kuwa babba ne, wanda ya taɓa miƙa masa kuɗi ya ce ya ruga ya sayo masa kara ɗaya.

A tarbiyyarmu aike makaranta ne mai zaman kansa. Da shi yaro ke koyon lissafin canji, da gaisuwa, da riƙon amana, da sanin lungunan unguwa. Mun hori 'ya'yanmu da cewa ba a ƙin aiken babba, ba a kuma tambayarsa dalili, ko da kuwa ba shi ya haife ka ba. Wannan hori ne mai kyau, amma kyawunsa ne ya sa aiken taba ya fi ruɗin abokai haɗari. Abin da aboki ya kawo, yaro ya san a ɓoye yake, zuciyarsa na raya masa cewa laifi ne. Abin da kawu ko yaya ko maigidan gareji ya aike shi saye da rana tsaka, a gaban jama'a, ya zo masa da hatimin manya. Da safe malami ya tsaya gaban allo ya ce taba guba ce, yara suka amsa da ƙarfi, suka rubuta a littafi. Da yamma mutumin da yaron ya fi ganin girmansa a duniya ya aike shi sayen gubar, har ya bar masa canjin. Kowa ya san darasin da zai zauna a zuciyar yaro tsakanin biyun nan.

Wani lokacin ma aiken ba ya tsayawa ga saye. Akwai mai cewa, tunda ba ashana a hannu, a kunno ta a wutar mai shayi. Taba kuwa ba ta kamawa sosai sai an zuƙa, kuma idan hanya ta ɗan yi nisa sai an ƙara zuƙa don kada ta mutu. Ga shi nan, yaro ya ɗanɗana ba tare da ya saɓa wa kowa ba, hasali ma biyayya yake yi. Sai kuma guntayen da manya ke yarwa a gefen majalisa, da bakin gareji, da inda 'yan acaɓa da masu a-daidaita-sahu ke hutawa. Duk wanda ya san Hayin Banki, da Kawo, da Unguwar Kanawa, da Badarawa, ya san cewa daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta yaro zai wuce tireda fiye da ɗaya inda kwalin taba ke buɗe, kusa da alawa da biskit da cingam, daidai tsayin idon ɗan aji biyu. Wanda ke tallar ruwa ko gyaɗa a tashar Kawo ko ranar kasuwar Talata kuwa, nasa ganin ya ninka na saura.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, wannan ciniki da muka saba da shi haramtacce ne a dokar ƙasa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba a 2005. Bayan shekara goma, a watan Mayun 2015, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa, aka kuma fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019. Dokar ta hana sayar wa duk wanda bai kai shekara 18 ba taba, ba ta kuma ware ɗan aike ba. Ta hana a sa yaro ya tsare tireda yana sayar da ita. Ta hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali sukutum mai kara 20. Ta hana shan taba a makarantu da asibitoci da motocin haya da sauran wuraren taruwar jama'a, ta kuma tanadi cin tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. Saboda haka babban da ya aiki yaro sayen kara ɗaya ya tura maƙwabcinsa mai tireda karya doka ta fuska biyu a ciniki guda.

Ya kamata mu daɗe a kan batun kara ɗayan nan, domin a nan igiyar take. Waɗanda suka rubuta dokar ba su hana sayar da shi don raha ba. Kwali yana da tsada, yana da kauri a aljihu, ɓoye shi a ɗakin da mutum shida ke kwana aiki ne. Kara ɗaya bai fi ƙarfin kuɗin tara da uwa ke ba ɗanta da safe ba, yana shigewa cikin safa ko bayan littafi, kuma a minti biyar ya zama toka, ba shaida. Gwamnati ta ƙara wa taba haraji a 2018, naira ɗaya a kan kowane kara, ya koma naira biyu a 2019, ya kai naira biyu da kwabo casa'in a 2020, don tsada ta kori masu sha. Mai sayen kwali yana jin ƙarin. Mai sayen kara ɗaya da ƙyar ya lura. A 2021 aka wajabta buga hotunan cututtuka a rabin fuskar kwali, don duk wanda ya ɗauka ya ga abin da ke jiransa. To, yaron da ke sayen kara ɗaya bai taɓa riƙe kwalin ba. Hoton yana can cikin tireda yana kallon bango, shi kuwa an miƙo masa farar takarda mai tsabta, ba gargaɗi, ba hoto. Duk wata katanga da aka gina don tsare yaro, kara ɗaya ya bi ta ƙarƙashinta ya wuce.

Za a ce mana taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kakanninmu sun sha, sun kuma tsufa. Gaskiya ne ba baƙuwa ba ce. Ta daɗe har malaman Afirka ta Yamma suka yi ta muhawara a kan hukuncinta. Ahmadu Baba na Tumbutu ya yi rubutu a kanta tun 1607. An noma ta a fadamu, tsofaffi sun cusa garinta da kanwa a baki, mata sun rina haƙora da furenta. Sai dai waccan taba ta dattawa ce, kuma ba wanda ya zauna ya tsara yadda za ta kai hannun yaro. Sigarin kamfani wani abu ne dabam. Ga mu nan kusa da Zariya, inda aka kafa masana'antar taba tun ƙarshen shekarun 1950, manoma suka noma mata ganye, iyalai da dama suka ci abinci a inuwarta. A 2001 gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin British American Tobacco, ya buɗe babbar masana'anta a Ibadan a 2003, a daidai lokacin da ƙasashen Turai da Amurka ke ta ƙuntata wa taba a gidajensu. A 2007 jihohin Kano da Legas da Gombe suka kai kamfanonin taba kotu, kuma cikin abin da suka zarge su da shi har da farautar ƙananan yara. A Disamban 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci wancan kamfani tarar dala miliyan 110. Ba mu kawo wannan tarihi don mu sauke nauyi daga kanmu mu ɗora wa kamfani ba. Mun kawo shi don iyaye su gane cewa sana'a ce mai lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan bakwai a kowace shekara, kuma tana iya kashe rabin masu shanta da ba su daina ba. Sana'ar da ke binne abokan cinikinta haka dole kullum ta nemi sababbi. Magidanci ɗan shekara arba'in ba kasafai yake wayar gari ya fara shan taba ba. Binciken hukumomin lafiya na Amurka ya nuna kusan tara cikin goma na manyan da ke sha sun fara ne kafin su cika 18.

Dalilin hakan yana cikin halittar yaro. Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin bayan zuƙa, ya sa ta saki abin da ke kawo ɗan jin daɗi da natsuwa. Jim kaɗan sai ya janye, ya bar ƙunci da ƙaiƙayin rai, waɗanda ba abin da ke kwantar da su sai wata zuƙar. Mai sha yana zaton taba ce ke raba shi da damuwa, alhali damuwar da ta haifar da kanta take ɗage masa na ɗan lokaci, kamar mai bin bashi da ke ba ka rance don ka biya shi. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke auna sakamako ya ja wa mutum birki shi ke zuwa ƙarshe. Ƙwaƙwalwar ɗan sha uku kamar ɗanyen siminti take: abin da aka taka a kai yana barin sawu. Shi ya sa yaro ke kamuwa da wuri fiye da babba, wani ma tun bai kai ga sha kullum ba. Hayaƙin kuma yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an san suna haddasa ciwon daji. A Ingila an bi rayuwar likitoci maza sama da 34,000 daga 1951 har tsawon shekara hamsin, aka tarar masu shan taba sun rasa kimanin shekara goma na rayuwarsu idan aka gwada da marasa sha. Amma wannan bincike ya zo da bushara ma: wanda ya daina tun yana wajen shekara talatin ya kuɓutar da kusan dukkan shekarun nan.

Ɗan sha biyar, sai dai, ba ya tsoron ciwon da zai zo yana shekara sittin. A wurinsa sittin lahira ce. Malaman da suka fi iya magana da samari sun san abin da ke ratsa su: numfashi da ke yankewa a filin ƙwallo tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, warin baki, baƙin leɓe, tarin da ba ya jin magani idan hunturu ya kama, da kuma gwajin lafiya da gudun da ke jiran duk mai mafarkin shiga soja. Yaron da ya tashi a Hayin Banki yana ganin tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshin soja a kusa da unguwarsu, wannan magana ta ƙarshe ba ta wuce shi a banza.

Kada kuma iyayen 'ya'ya mata su karanta wannan su ce ba da su ake ba. Al'ada ta daɗe tana tsare 'yan mata daga sigari, domin abin kunya ne a ga mace da shi. Shisha ta zo ta kewaye wannan kunyar. Tana ƙanshin tuffa da na'ana'a, ana shanta a bikin ƙawaye da shagalin zagayowar ranar haihuwa, ana ɗaukar hoton hayaƙinta a saka a TikTok, kuma an yaɗa cewa ruwan da ke cikin tulun yana tace gubar. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ya ba shi damar shiga ƙirji da yawa ba tare da ya shaƙe mai sha ba. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi gargaɗi tun 2005 cewa a zama guda na kusan awa ɗaya mai shan shisha na iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na sigari ɗari, ga kuma iskar gawayin da ake ɗorawa a sama, ga bututu ɗaya da ke yawo daga baki zuwa baki a ƙasar da tarin fuka bai ƙare ba. Bayanta ga tabar lantarki, wadda wata ke kama da alƙalami, wata da abin ajiyar bayanan kwamfuta, har uwa ta gan ta a jakar makaranta ta mayar ba ta san mene ne ba. Ba a ƙona ganye a cikinta, amma yawancinta cike take da nikotin. A 2024 hukumar tace fina-finai ta tarayya ta fitar da ƙa'idar hana ƙawata shan taba a fina-finai da bidiyon waƙa. Mun yaba, amma wayar da ke hannun yarinya da tsakar dare ba ta bi ta gaban hukumar tace fim.

Tsoron da ya fi cin iyaye, mun sani, shi ne abin da ke bayan tabar. Ba duk mai shan sigari ne ke kaiwa ga wiwi ko ƙwaya ba, kuma faɗin haka ga yaro ƙarya ce da zai gano da wuri, daga nan ya daina yarda da sauran abin da muka faɗa. Amma ƙirjin da ya saba da hayaƙi, da ƙafar da ta saba da kangon da ake laɓewa, da harshen da ya saba da yi wa uwa ƙarya, sun riga sun yi rabin tafiyar. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye a cikin shekara guda, ban da taba da giya, kuma wiwi ce a kan gaba. Wiwi kuwa naɗe ta ake yi a zuƙa, kamar yadda aka koya da sigari.

To, idan an riga an kama yaro fa? A nan muke rabuwa da iyaye da yawa, har da wasu malamai. Abin da aka saba shi ne dorina, sai tona asiri a gaban ƙanne da maƙwabta, wani lokaci a tsayar da yaro a taron safe a kira shi ɗan iska a gaban makaranta duka. Mun ga ƙarshen wannan hanya sau da yawa. Duka ba ya fitar da nikotin daga jini. Abin da yake koya wa yaro shi ne ya ƙware a ɓuya, ya riƙa tauna minti da goro kafin ya shigo gida. Sunan da aka laƙaba masa a bainar jama'a kuma yakan ɗauka ya sa kamar riga, ya tafi inda masu irin rigar suke, domin su ba sa korarsa. Korar yaro daga makaranta saboda taba ta fi kowane hukunci muni, tunda an ɗauke shi daga wuri guda da ake sa masa ido na awa shida an miƙa wa bakin tasha. Ba muna cewa a shafa masa kai a ce ba kome ba. A nuna masa ɓacin rai ƙarara, a cikin ɗaki, tsakanin uba da ɗa. A tambaye shi tun yaushe, sau nawa a rana, ina yake samu, a kuma daure a ji amsar, domin wataƙila sunan da zai ambata na cikin gida ne. A san cewa wanda ya kamu zai sha wuya a kwanakin farko na dainawa, da fushi da rashin barci da ciwon kai, amma abin yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, kuma komawa sau ɗaya ko biyu ba alamar taurin kai ba ce, haka yawancin masu dainawa ke yi kafin su rabu da ita. Idan abin ya haɗa da wasu kayan maye, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana da sashen kula da masu shaye-shaye, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Uban da shi kansa yake sha yana cikin tsaka mai wuya, ba kuma mu zo don mu kunyata shi ba. Da yawa sun fara tun ba su san illarta ba, sun yi yunƙurin bari sun kasa. Amma ko bai iya dainawa yau ba, akwai abin da yake iyawa yau: ya tashi ya sayo da ƙafarsa, ya sha nesa da gida, kada ya bar kwali inda hannu zai kai. A gidajen haya na ciki da falo, hayaƙin mutum ɗaya na kowa ne. Jaririn da ke kwance da yarinyar da ke aikin gida a kan tabarma suna sha tare da shi, kuma likitoci sun tabbatar wannan hayaƙi na ƙara wa yara ciwon asma da ciwon huhu da ciwon kunne. Irin yaran nan ne muke gani a rajista da jan alƙalami duk lokacin sanyi. Uba ya ce wa ɗansa, ka ga abin da ya kama ni, ba na so ya kama ka, wannan magana ta fi wa'azin wanda bai taɓa sha ba nauyi, muddin ba a bi ta da aike ba.

Haka maganar take ga malamai, har ma ta fi tsanani. A cikin kowace sana'a akwai masu shan taba, tamu ba ta fita daban ba. Ƙungiya tana tsaya wa ɗanta idan an taɓa albashinsa ko an zalunce shi wajen ƙarin girma, kuma haka ya kamata. Amma ƙungiyar da ke kare haƙƙin malami ita ce ta fi cancanta ta kare mutuncin alli. Bai dace mu jira wani jami'i daga ofis ya zo ya gaya mana cewa malami ba ya aiken ɗalibi sayen taba, ba ya kuma sha a harabar makaranta ko a bayan aji ba. Reshenmu na NUT ya kamata ya faɗi haka da bakinsa, ya rubuta, ya zama abin da malami zai tuna wa ɗan'uwansa cikin mutunci. Mun san abin da wasu za su ce: aji mai yara tamanin, albashin da ba ya kai wata, ga rajista ga jarrabawa, yanzu kuma a ƙara mana gadin tireda? Kukan gaskiya ne. Sai dai abin da muke nema ba ya cin kuɗi, ba ya kuma ƙara darasi a jadawali. Hasali ma akwai abin da ya fi dacewa da bakin malami fiye da na kowa, wato ya koya wa yaro yadda zai ƙi aiken taba ba tare da ya yi rashin kunya ba. Yaro ba zai iya cewa babba a'a don kansa ba, amma yana iya rusunawa ya ce, ka yi haƙuri Kawu, malaminmu ya hana, mai tireda ma ba zai ba ni ba. Mun ba shi bangon da zai jingina, laifin ya dawo kanmu, mu kuwa muna iya ɗauka.

Wannan jimla ta yaro ba za ta tsaya ba sai rabinta na biyu ya zama gaskiya, wato sai mai tireda ya ƙi bayarwa. Shi ma ba abokin gaba ba ne. Maƙwabci ne, 'ya'yansa na cikin azuzuwanmu, ribar da yake samu a kara-kara tana cikin abin da yake cefane da shi, kuma yana da hujja idan ya ce in ya hana, na gaba da shi zai sayar. Shi ya sa bin su ɗaya-ɗaya ba zai yi ba, turo musu hukuma tun farko kuma yana iya mayar da dokar hanyar karɓar na goro, a bar yaran inda suke. Abin da zai yi aiki shi ne a tara masu tireda da masu shayi na layi guda a zaure guda, a gaban mai unguwa, da liman, da fasto inda akwai coci, da wakilan kwamitin kula da makaranta da na iyaye da malamai, kowa ya ji alkawarin kowa. Ba ma neman su daina sayar da taba ga manya. Doka ba ta hana ba. A fara da abu biyu da ba mai iya jayayya da su: ba a miƙa wa yaro taba ko wa ya aiko shi, kuma a ɗauke kwalin daga cikin alawa a mayar inda ido ba ya kaiwa. Batun kara-kara ga manya ya fi wuya, zai bi baya idan an saba.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne zango na uku. Ranar 31 ga Mayu ita ce ranar yaƙi da shan taba ta duniya, tana kuma faɗowa 'yan makonni kafin dogon hutu, lokacin da 'yan aji shida ke barin hannunmu. Tsakanin gama firamare da shiga ƙaramar sakandare yaro yana shafe makonni ba malami a kansa, an tura shi gareji ko shago ko kasuwa don kada ya zauna banza, ya zama ƙarami a cikin manya, wanda kowa ke aike. Uban da zai kai ɗansa koyon sana'a a hutun nan ya gaya wa maigidan tun ranar farko, a gaban yaron, cewa ya yarda a aike shi ko'ina ban da sayen taba. Muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa, kowace makaranta ta ba da malami ɗaya da uba ko uwa ɗaya da za su je wurin mai unguwarsu. Takardar da za a bar wa masu tireda shafi ɗaya ta isa, da manyan baƙaƙe, a rubuta ta da boko da ajami, domin a cikinsu akwai waɗanda allo suka yi ba su yi aji ba.